Daga Allo Zuwa Tebur: Tsofaffin Teburan Rubutu na Ingila da Shigowar Tebur Ƙasar Haɗejia

Akwai kalmomi biyu a Hausa waɗanda ba safai mai magana yake kawo su wuri guda a ransa ba, alhali kuwa in an bi salsalarsu ma'anarsu ɗaya ce. Kalmomin su ne allo da tebur. Allo daga Larabci ya zo, daga lauhu, watau shimfiɗaɗɗen itacen da ake rubutu a kansa. Tebur kuwa daga Ingilishi aka aro shi, shi kuma Ingilishi ya gaje shi daga Latin, inda tabula take nufin shimfiɗaɗɗen itace, har da wanda yaran Rumawa suke koyon rubutu a kai. Ɗaya ya biyo ayarin Sahara da hanyar Barno, ɗaya ya biyo teku da Kwara. A ƙasar Haɗejia sun yi kiciɓis a farkon ƙarni na 20, kuma ba da lalama ba.

Wannan lacca za ta bi sawun teburin rubutu ne, tun daga shagunan kafintocin Ingila na ƙarni na 18 har zuwa ofisoshin En'e na bakin Kogin Haɗejia. Tsofaffin teburan Ingila sun zama dukiya wadda gidajen tarihi suke gasar saye, kuma an san masu yin su da sunayensu. Teburan da aka fara rubuta harajin Haɗejia a kansu, su ma wasu sun haura shekara 100, amma ba a tambayar wanda ya yi su. Bambancin nan yana da dalili, kuma ba a gwanintar hannu kaɗai yake ba.

Rubutu ba tebur

Haɗejia ba baƙuwar alƙalami ba ce. Garin yana kan hanyar da ta haɗa Kano da Barno, kuma tun 1960 masanin harsuna Joseph Greenberg ya kawo hujja cewa kalmomin karatu da rubutu kansu ta hannun Barebari suka shigo Hausa. In haka ne, to ƙasashen gabas irin su Auyo da Haɗejia suna cikin waɗanda ilmin ya fara ratsawa. Har yau kuma sunan Haɗejia ba ya ɓata in ana lissafin garuruwan alarammomi da gwanaye, masu rubuta Alƙur'ani da ka tun daga farko har ƙarshe.

To, duk wannan rubutu ba a taɓa neman tebur dominsa ba. Malami yakan zauna a kan buzu ko tabarma, ya tanƙwashe ƙafa ko ya ɗaga gwiwa guda, ya ɗora takarda a kan cinya da wani abu mai ɗan tauri a ƙarƙashinta. Kurtun tawada yana ƙasa kusa da shi, alƙalaminsa na kara ne wanda ya fiƙe da kansa. Almajiri kuwa allonsa shi ne takardarsa, shi ne kuma teburinsa, kuma galibi da itacen aduwa ake sassaƙa shi saboda ba ya saurin tsagewa, ga shi yana jure wanki.

Ba rashin wayo ne ya hana malaman nan yin tebur ba. Siffar littafinsu ce ba ta bukace shi ba. Littafin ƙasar Hausa da Barno ba a ɗinke shi. Falle-falle ne, ana rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a gindin shafin da aka gama don kada tsari ya rikice, sa'an nan a haɗa su cikin tadarishi a sa a gafaka. Mai rubutu falle guda yake riƙewa a lokaci guda, falle guda kuwa cinya ta ishe shi. Takardar ma da tsada take zuwa. Mai alamar jinjirin wata uku, wadda aka fi sani, daga arewacin Italiya ake yin ta, ta bi ta Tarabulus ta ƙetare hamada a kan raƙumi. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba a baza shi barkatai.

Haka al'amarin yake a fada. Daga zamanin Sarki Sambo, wanda ya hau a 1808, sarakunan Haɗejia suna musayar wasiƙu da Sakkwato ta hannun Waziri, har a lokacin da Sarki Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye kafin rasuwarsa a Gogaram a 1863. Wasiƙun daular, irin waɗanda aka samu a gidan Wazirin Sakkwato a 1903, gajeru ne: falle guda na Larabci, da hatimi, da gaisuwa, da umurni ko ƙara a cikin layuka kaɗan. Sauran bayani yana bakin manzo. Mulkin da ya dogara ga amintaccen manzo da ƙwaƙwalwar fadawa ba ya tara takardun da za su nemi aljihun tebur.

Yadda tebur ya yi daraja a Ingila

A Ingila ma ba da tebur aka fara ba. Har ƙarni na 17 abin da mai rubutu yake da shi ɗan akwati ne mai karkataccen murfi, yana ɗora shi inda ya samu. Bayan an mai da sarauta a 1660, da gobarar Landan ta 1666 wadda ta sa dubban gidaje neman sababbin kaya, sai gwanaye daga Holan da Faransa suka kwararo, musamman bayan 1685 da aka kori 'yan Furotesta daga Faransa. Su suka yaɗa fasahohi biyu da suka raba sabon kafinta da na da. Ta farko ita ce yanka itace mai tsada sirara kamar ɓawo, a manna shi a kan itace mai araha da danƙon da aka dafa daga fata da ƙashi. Ta biyu ita ce haɗa kusurwar aljihun tebur da haƙora masu shiga juna, waɗanda Turawa suka kamanta da wutsiyar kurciya, yadda ko an shekara 200 ana ja ba za su rabu ba. Yaro yakan yi shekara 7 yana koyo a hannun maigida kafin a yarda ya ci gashin kansa.

Abin da ya sa aka nemi kayan shi ne takarda ta yi yawa. Mai gonaki yana da lissafin haya, ɗan kasuwa yana da wakilai a ƙetaren teku, gidan waya ya kafu, littafi kuma ɗinkakke ne mai nauyi wanda sai an shimfiɗa shi. Ga kuma barori a gida, saboda haka aljihu yana son makulli, wani ma a ɓoye yake a bayan wani. A nan akwai abin lura game da kalmomi. A Faransanci bure wani kaushin ƙyalle ne da ake shimfiɗawa a kan tebur. Daga ƙyallen aka kira teburin bureau, daga teburin aka kira ɗakin, daga ɗakin aka kira irin mulkin da ake yi a cikinsa. Shi ne biro da Hausawan Maraɗi da Damagaram suke kiran ofis, ba biron rubutu na Nijeriya ba, wanda shi sunan wani mutumin Hangare ne. Watau tun a harshe an san cewa tebur da mulki tafiyarsu ɗaya.

Sunan da ya fi kowane fita a cikin masu wannan sana'a shi ne Thomas Chippendale, wanda aka haifa a Otley ta Yorkshire a 1718, ya rasu a 1779. Ya kafa shagonsa a layin St Martin's a Landan, kuma a 1754 ya buga littafin zane mai suna The Gentleman and Cabinet-Maker's Director, mai ɗauke da zane kimanin 160 na kujeru da gadaje da teburan rubutu. Dabarar kasuwa ce babba, domin attajiri yana zaune a gidansa na ƙauye zai buɗe littafi ya nuna abin da yake so. Amma littafin ya kuma jawo ruɗu, domin kafintoci a ko'ina sun kwaikwayi zanen, har ya zama yawancin abin da ake kira da sunan Chippendale bai taɓa shiga shagonsa ba. Wanda ma ya fito daga shagon, ba lalle hannunsa ya taɓa shi ba. Da gobara ta tashi a wurin a 1755, akwatunan kayan aiki na ma'aikata 22 ne suka ƙone. Waɗannan su ne masu zarto da kurfi na ainihi, shi maigida yana wajen zane da ciniki da bin bashi.

Yaya ake gane na gaskiya? Da takardar kuɗi. A gidan Nostell Priory akwai wani ƙaton teburin ɗakin karatu na itacen mahogani, mai kawunan zaki a ƙafafunsa, wanda Chippendale ya yi wa Sir Rowland Winn, ya kai masa takardar kuɗi a 1767 ta fam 72 da sule 10. Wannan ya fi abin da ma'aikacin shagon yake samu a shekara guda. Teburin yana nan a ɗakin da aka yi shi dominsa, takardar ma tana nan. Wani kuma da ya yi wa gidan Harewood, da aka yi gwanjonsa a 1965 an saye shi fam 43,050, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan wani kayan ɗaki na Ingila kafin ranar, kuma yanzu yana gidan tarihi na Temple Newsam a Leeds.

Sauran sunaye biyu da ake jerawa da nasa sun fi ban mamaki. George Hepplewhite ya rasu a 1786, matarsa Alice ce ta buga littafin zanensa a 1788, kuma har yau ba a nuna tebur guda da aka tabbatar shi ya yi ba. Thomas Sheraton, wanda ya fara fitar da nasa littafin a 1791, malamin zane ne kuma mai wa'azi, ya mutu cikin talauci a 1806. Mutanen nan biyu takarda ce ta rayar da sunansu.

Kamfanin da ya fi amfani ga mai tarihi shi ne Gillows na Lancaster, wanda Robert Gillow ya kafa wajen 1730. Daga 1784 suna da littattafan da suke zana kowane aiki a ciki, su rubuta irin itacen da ya ci, da kuɗin makulli da fata, da sunan mai saye, da sunan ma'aikacin da ya haɗa shi da ladansa. Littattafan suna ajiye a ma'ajiyar tarihi ta Westminster. Daga cikinsu aka san asalin ɗan ƙaramin teburin nan da ake kira Davenport, domin sunan wani kyaftin ne da ya ba da aikin. Wasu ma'aikatan Gillows kuma sukan rubuta sunansu da fensir a ƙarƙashin aljihu, inda mai gida ba zai taɓa dubawa ba.

Itacen da masu saran sa

A farkon ƙarni na 18 itacen goron Turawa ne abin yayi. Sanyin 1709 ya kashe bishiyoyinsa da yawa a Turai, Faransa ta hana fitar da shi a 1720, sai Majalisar Ingila ta ɗauke kuɗin fito daga katakon ƙasashen da take mulki a Amurka a 1721. Ta wannan ƙofa mahogani ya shigo daga Jamaika, daga baya kuma daga gaɓar Honduras. Itace ne ja mai nauyi, gungumensa yana ba da faffaɗan katako, ba ya saurin lanƙwashewa, yana karɓar sassaƙa mai laushi, ga sheƙi in an goge.

Littattafan masu sayar da kayan da ba su cika tsayawa a kan waɗanda suka sare shi ba. Bayi ne, mutanen Afirka ta Yamma da 'ya'yansu, su suke shiga daji su nemo bishiyar, su kafa dandamali su sare ta, su ja gungumen da shanu zuwa bakin rafi su jira ruwan damina ya kai shi teku. Lancaster ta Gillows ita ce ta huɗu a cikin tashoshin Ingila masu fataucin bayi, kuma kamfanin yana aika kayan ɗaki zuwa tsibiran yana karɓo mahogani da sukari. Iyalin Lascelles masu gidan Harewood da gonakin rake na Barbados suka yi arziki. Saboda haka kyawun teburin nan na Leeds gaskiya ne, amma wanda ya tsaya a gabansa yana yaba Chippendale kaɗai ya karanta rabin labari. Akwai ma masu cewa kalmar mahogani daga oganwo ta Yarabanci ta fito, sunan da bayi suka sa wa bishiyar da ta yi musu kama da ta gida, ko da yake wasu masana harshe sun yi musun haka.

Kamar da suka gani ba ta banza ba ce. Mahoganin Jamaika yana da 'yan'uwa a Afirka, kuma da na Amurka ya yi ƙaranci, daga wajen ƙarshen ƙarni na 19 sai 'yan katakon Liverpool suka juyo ga dazuzzukan Gwalkwas da kudancin Nijeriya. Ɗan'uwansa na ƙasar Hausa kuwa kowa ya san shi: maɗaci ne, wanda ake jiƙa ɓawonsa don ciwon ciki, wanda kuma Turawa suka jera a titunan barikokin Kano da Zariya da Kaduna. Bahaushe ya san maɗaci da ɗaci da inuwa tun kafin ya san cewa danginsa ne suke ɗakunan karatu na manyan Ingila.

Shekarar 1906 da abin da ya biyo baya

Haɗejia ce ta ƙarshe a cikin manyan masarautun daular da aka ci da yaƙi. Bayan tashin Satiru, Gwamna Lugga ya tura runduna a ƙarƙashin Kanar Lowry Cole. An aika wa Sarki Muhammadu da sharuɗɗa, bai karɓa ba, kuma ranar 25 ga Afrilu 1906 aka yi yaƙin da ya rasu a cikinsa tare da 'ya'yansa da manyan baradensa, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada. Kyaftin Phillips, wanda Haɗejawa suka laƙaba wa Mai Tumbi, kabarinsa yana garin.

Teburin da ya zo da irin waɗannan hafsoshi jikan na Chippendale ne wanda wahala ta rame da shi. Kayan Bature a rangadi a kan 'yan alaro suke tafiya, kuma kaya guda ba ya wuce laba 60. Don haka kafintocin Ingila sun daɗe da ƙware a kan kayan soja masu naɗewa, ƙafafu masu kwancewa, kusurwa mai ɗaurin tagulla, kuma da tsantsar itace, domin ɓawon da aka manna da danƙo ba ya shekara a inda hunturu yake busar da katako har ya tsage, damina kuma ta kumbura shi. A kan irin wannan tebur, a gindin tsamiya ko a rumfar gidan baƙi, aka fara ƙidayar mutanen Auyo da Kafin Hausa da Birniwa da Guri, da shanun Fulanin fadama domin jangali.

A zamanin Sarki Abdulƙadir, wanda ya yi sarauta daga 1909 zuwa 1925, tsarin En'e ya zauna. Aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, hakimai suka koma gundumominsu kowa da malamin haraji. Kayan aikin wannan tsari dabam suke da na malamin zaure. Rajistar haraji ɗinkakkiya ce, faffaɗa, mai layuka a tsaye da a kwance, ba ta zama a kan cinya. Alƙalamin ƙarfe yana son wuri mai tauri, kwalbar tawada tana son inda ba za ta kife ba, littafin rasit da hatimi suna son makulli domin mai binciken kuɗi zai zo. Boko da lissafin fam da sule su suka jawo tebur, kamar yadda doki yake jawo sirdi.

Harshe ya adana shaidar hanyar da kayan suka biyo. Tebur da benci da kabad da kafinta duk daga Ingilishi ne. Akawu kuwa daga Yarabanci ne, kuma masana da dama suna ganin katako ma haka. Ma'ana, mutanen kudu da na Saliyo da Gwalkwas, waɗanda suka riga shiga aikin Turawa, su ne farkon masu zama a bayan tebur da masu haɗa shi. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a inda ake koyar da kafinta, daga baya kuma yadin En'e ya zama makarantar yaran gari. Da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930 ta Malam Madori da Birniwa, sai katakon loko da mahogani na kudu ya samu hanya, tare da ƙusa da makulli da fenti, a cikin taragun da suke komawa da gyaɗa.

Tebur ya kuma sake tsarin zama, kuma wannan ya fi komai ciwo ga mutanen da. A zauren sarki ko na alƙali girma yana bin shimfiɗa: wani a kan karaga, wani a kan buzu, wani a ƙasa, amma ba abin da ya tsaya tsakanin mai ƙara da mai saurare. A ofis kuwa yaro ɗan shekara 20 yana kan kujera, katako ya raba shi da dagaci mai furfura wanda yake tsugune. Takardar da ta shiga aljihu ta shiga ke nan, sai mai makulli ya ga dama. Ba mamaki da kotunan alƙalai suka daɗe suna riƙe da shimfiɗarsu bayan baitulmali ya koma kan kujera.

Masassaƙi da kafinta

Kafin kafinta akwai masassaƙi, kuma kuskure ne a ɗauka ɗaya ƙanen ɗaya ne. Kafinta haɗi yake yi: ya yanka, ya auna, ya haɗa guntaye su zama abu. Masassaƙi ragi yake yi: ya dubi gungume, ya cire abin da ba ya so da gatari da gizago har turmi ko akushi ko kujerar mata ko allo ya fito, ba ƙusa ba danƙo. A fadamar Haɗejia, inda kogin yake bazuwa da damina kafin ya tattaru ya nufi Gashuwa da Tafkin Chadi, masassaƙi ne yake fafe kwalekwalen masunta, shi yake yin ƙotar fartanyar masu noman shinkafa. Ya san itatuwan wurin ɗaya bayan ɗaya, ya san ƙirya da kanya suna gagarar gara, ya san giyayya ta bakin ruwa da abin da ta dace da shi.

In aka auna da yanayin ƙasar, dabararsa ta fi ta Landan dacewa. Abin da aka fitar daga itace guda ba shi da gaɓar da hunturu zai buɗe. Turmin da kaka ta yi daka a ciki jika tana iya gadonsa, alhali teburin Sheraton mai siraran ƙafafu da an ajiye shi a Guri da bai ga damina uku ba. Amma gizago ba ya fitar da faffaɗan katako madaidaici, kuma ba ya yin aljihu, ofis kuwa waɗannan biyu yake nema. Sai aikin gwamnati da kuɗinsa suka tafi wajen kafinta, masassaƙi ya tsaya a kasuwar ƙauye. Dokokin gandun daji suka sa sai da izini ake sare manyan itatuwa. Daga baya madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka canja ambaliyar da dajin fadama yake rayuwa a kanta.

Kafintan En'e na farko ba a raina aikinsa. Da hannu yake tsaga katako, da hannu yake yanka haƙoran aljihu, kuma da yake ya san ƙasarsa sai ya bar adon ɓawo, ya yi da tsantsar itace mai kauri, ya ƙarfafa ƙafafu da sanda a tsakani. Abin da ya fito ba na Ingila ba ne sosai, wani abu ne na nan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antar Sapele ta fara fitar da filawud, daga baya fomeka da teburin ƙarfe suka zo, ƙusa ta maye gurbin haƙora.

Wa ya yi shi?

A kasuwar kayan da ta Ingila ƙa'ida ita ce abu ya kai shekara 100. A Nijeriya, doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a cikin kayan tarihi. Bisa ma'auni na farko, duk teburin da aka yi wa baitulmalin Haɗejia a zamanin Abdulƙadir ya riga ya cika sharaɗi, na farkon zamanin Sarki Usman, wanda ya hau a 1925, su ma sun fara shiga. Sai dai shekaru kaɗai ba su sa abu daraja. Teburin Nostell da a ce an raba shi da ɗakinsa da takardarsa, da ya zama kyakkyawan tebur kawai a cikin ɗaruruwa.

Abin ban takaici a nan shi ne, tsarin da ya kawo tebur don a rubuta sunan kowane mai biyan haraji bai damu da sunan mai yin teburin ba. Al'adar malamai ma ta fi shi kirki ta wannan fuska, domin mai kwafar littafi yakan rufe da sunansa da na mai littafin, ya roƙi addu'a. Kayan En'e kuwa sun sha ƙaura: gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rarraba su, kafa Jihar Jigawa a 1991 ya sake motsa su, masarautar da take da baitulmali guda yanzu ƙananan hukumomi 8 ce, kowace da sabuwar sakatariya da sababbin kujeru masu juyawa. Tsohon tebur yakan koma ɗakin ajiya ko makarantar firamare ko rumfar mai gadi, inda gara da ambaliya irin ta 2020 da 2022 suke jiransa.

Hanyar bincike a buɗe take, kuma ba ta da tsada. Fayilolin Lardin Kano suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, kuma can ya kamata a nemi kasafin kuɗin En'e ta Haɗejia da jerin ma'aikatanta. Zuriyar kafintocin yadi da ta masassaƙa suna cikin gari, tsofaffinsu suna iya faɗin wanda ya koya wa wa. Sa'an nan shi kansa teburin yana da abin faɗi ga wanda ya san inda zai duba. A zaro aljihun gaba ɗaya a kife shi. In haƙoran kusurwa ba su yi daidai da juna ba, kuma akwai siririn layin da aka ja da wuƙa a gindinsu, aikin hannu ne. In sawun zarto a bayan katakon miƙaƙƙe ne mai ɗan karkata, mutum biyu ne suka tsaga shi, in kuwa zagaye yake, inji ne. A kankare ɗan wuri a ciki a ga ko jan maɗaci ne ko ruwan ƙasan loko. A ƙarshe a haska fitila a ƙarƙashin saman teburin da bayan aljihun, inda fenti bai kai ba, a nemi lambar En'e, ko alamar fensir, ko wasu 'yan haruffa na ajami.